Madaukina yana cin lokaci: laifin zane ne ko nawa?

Zainab Lantarki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu amfani da LabVIEW, manhajar da ake zana shiri da akwatuna da wayoyi maimakon rubutu, ku taimaka mini, kaina ya kulle. Na haɗa wani ɗan shiri da zai riƙa karanta zafin injin duk bayan milisakan 10, ya zana a allo, ya kuma adana a fayil. A lissafina sau 100 ke nan a daƙiƙa, wato 360,000 a awa. Na bar shi ya yi awa ɗaya cur, da na ƙirga layukan fayil sai na tarar 300,000 da 'yan kai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na bar shi ya kwana, awa ta shida ba ta ma kai ta farko ba, kullum raguwa yake yi. A cikin madaukin, wato zagayen da shirin ke maimaitawa, na sa akwatin jira mai suna Wait, na ba shi milisakan 10. Ina sauran suka shiga?

Sadiq Code: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, maganar gaskiya ita ce ki bar wasan jan layi tsakanin akwatuna, ki rubuta abinki da harshen C. Duk wanda yake son sauri da daidaiton lokaci ba ya zana shiri, rubutawa yake yi. Waɗannan manhajojin zane an yi su ne don wanda bai iya rubutu ba.

Injiniya Bala: Sadiq, ka fara ke nan. Ba ka ko tambaye ta me ke cikin madaukin ba ka yanke hukunci. Zainab, amsarki tana cikin lambobin da kika kawo. Raba milisakan 3,600,000 da ke cikin awa da 300,000, za ki samu 12. Kowane zagaye yana cin 12 ke nan maimakon 10. Ina kyautata zaton kin tilasta wa Wait ya jira sai an gama karatu da adanawa kafin ya fara ƙirga. Kin sa shi a cikin jerin firam ne, masu gudana ɗaya bayan ɗaya, ko kin ja masa waya daga akwatin fayil?

Zainab Lantarki: Eh Injiniya, a firam na ƙarshe na sa shi, don na ga kamar ya fi tsari: a karanta, a adana, sannan a jira.

Injiniya Bala: To ga shi nan. Aiki ya ci 2, jira ya ci 10, ya zama 12. Kuma Sadiq, da ta rubuta da C ta sa barcin milisakan 10 a ƙarshen madauki, daidai wannan ramin za ta faɗa. Masu Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri, kullum suna faɗawa cikinsa da delay, kuma su rubutu suke yi, ba zane ba.

Cire Wait ɗin ki sa ɗan uwansa, Wait Until Next ms Multiple. Bambancinsu shi ne, na farko yana cewa "ka huta na tsawon kaza", na biyu yana kallon agogon kwamfuta ne yana cewa "tashe ni idan agogo ya kai lambar da 10 ke raba ta". Ko aiki ya ci 2 ko ya ci 7, a kan layi ɗaya za a tashi. Sharaɗi dai kada aikin ya wuce 10, domin idan ya ci 11 to ya rasa wannan motar, sai ya jira ta gaba, zagayen ya zama 20.

Sadiq Code: Na yarda da lissafin. Amma ka ga abin da nake faɗa? A rubutu ina ganin layi na ɗaya, na biyu, na uku, na san wa ya riga wa. A zane akwatuna ne warwatse a allo, wa ya san wanda zai fara?

Injiniya Bala: Yanzu ka yi tambaya mai ma'ana. Dokar guda ɗaya ce: akwati ba ya motsi sai duk wayoyin da ke shiga cikinsa sun kawo masa bayanai. Idan ya gama, ya tura sakamako ta wayoyin fita. Shi ke nan. Inda ka sa akwati a allo, hagu ko dama, sama ko ƙasa, ba ya nufin komai. Akwatuna biyu da babu waya tsakaninsu, kowanne na iya rigan ɗan uwansa, suna ma iya gudana a tare a kan kwakwalwan firosesa daban-daban. Abin da kake kira rauni shi ne ƙarfinsa. Tun LabVIEW 5 a 1998 mutum yana zana madauki biyu gefe da gefe su yi aiki a tare ba tare da ya rubuta layi ɗaya na sarrafa zare, wato hanyoyin aiki masu gudana a tare, ba. Kai da C ka san wahalar da ake sha kafin a yi haka lafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, zane yana nuna maka INA bayanai za su bi, amma ba ya nuna maka YAUSHE. Waya ba ta da tsawon lokaci a jikinta. Kusan duk ƙirƙirar da aka yi a wannan fanni cikin shekaru arba'in ƙoƙari ne na cusa agogo cikin hoto.

Malama Hauwa: Wannan magana ta Injiniya ta tuna mini da ɗalibaina. Ina koyar da yara Scratch, manhajar da ake jera bulo a sa kyanwa motsi a allo, kuma a can agogon ɓoye yake gaba ɗaya. Faɗin dandalin Scratch taki 480 ne. Idan yaro ya ce wa kyanwar "maimaita sau 48, yi taki 10", za ta ratsa allon a hankali cikin daƙiƙa ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Yaron yana ɗauka haka kwamfuta take tafiya. Alhali Scratch ne da gangan yake tsayawa a ƙarshen kowane zagaye ya jira a sabunta hoto, sau 30 a daƙiƙa. 48 a raba da 30, ka ga 1.6.

Ranar da na nuna musu cewa idan ka danne Shift ka taɓa koren tuta ana shiga yanayin turbo, ajin ya hargitse. Kyanwa ta ɓace daga hagu ta bayyana a dama kamar aljana. Wata yarinya ta ce "Malama, ashe da can raina mana hankali yake yi?" Na ce mata a'a, tausaya muku yake yi. Mitchel Resnick da mutanensa a MIT, da suka fito da shi a 2007, sun san idan aka bar madauki ya yi gudun da kwamfuta ke iyawa, yaro ba zai taɓa ganin motsi ba balle ya gane abin da ya gina.

Mubarak Dev: Malama, ƙaramin gyara da izininki. Ba kowane madauki ne yake jiran hoto ba. Idan abin da ke ciki lissafi ne zalla, misali ƙara 1 a kan wata lamba da ba a nuna ta a allo, Scratch 3 yana ci gaba da zagayawa sau da yawa a cikin firam ɗaya, wato hoto ɗaya na allo, har sai ya cinye kashi 75 cikin 100 na lokacin firam ɗin. Sai idan wani bulo ya taɓa abin da ido zai gani, kamar motsi ko sauya kaya, sannan yake cewa a dakata a zana. Shi ya sa yaro zai ga madauki biyu masu kama da juna, ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe.

Malama Hauwa: Na gode Mubarak, wallahi wannan ya warware mini wani abu da na daɗe ina gani ban gane ba. Akwai yaron da ya ɓoye kyanwarsa sai ƙirgarsa ta haukace, na ce masa wataƙila kwamfutar ce. Gobe sai na ba shi haƙuri.

Sadiq Code: To ai kun ƙara ba ni hujja. Manhaja tana yanke hukunci a bayan fage ba ta gaya maka ba. Kuma me ya sa aka yi TurboWarp, wani Scratch mai sauri, in ba don Scratch na jan ƙafa ba?

Mubarak Dev: TurboWarp hujja ce a kanka, Yaya Sadiq, ba a gare ka ba. Bulo ɗin nan dai su ne, zanen bai canja ba. Abin da ya canja shi ne, maimakon a riƙa bin bulo ɗaya bayan ɗaya ana fassarawa a lokacin gudu, sai a juye su gaba ɗaya zuwa JavaScript tukuna. Saurin ya ninka. Ke nan nauyin yana wurin injin da ke ƙarƙashi, hoton ba ruwansa.

Amma fa ba zan kare zane ido rufe ba. Ni da Blueprint na Unreal nake aiki, inda ake zana shirin wasannin kwamfuta, kuma can akwai tarko na gaske. Wasa mai firam 60 a daƙiƙa yana da milisakan 16.7 kacal ya gama komai: lissafi, motsi, haske, zane. Sabon shiga yana ganin Event Tick sai ya rataya masa duk duniya, bai san cewa abin da ya rataya zai gudana a kowane firam ba, a kan kowane abu da ya sa a fage. Ka sa maƙiya 200 kowanne da nasa Tick, ka ga wasa ya fara shessheƙa.

Wanda ya fi cin mutane shi ne koren akwati, wanda ba shi da farar wayar umarni. A ido kamar sau ɗaya ake lissafa shi a raba wa kowa sakamako. Ina! Duk akwatin da ya nemi sakamakonsa sai an sake lissafa shi daga farko. Na taɓa jona irin wannan, mai tace jerin abubuwa, kai tsaye a bakin madaukin ForEach. Kowane zagaye sai ya sake tace jerin gaba ɗaya. Kwana biyu ina neman ɓarawo, ashe waya ɗaya ce siririya da ba ta kai tsawon yatsa ba. Maganin kuwa, ka lissafa sau ɗaya ka zuba a ma'aji, ka ba madauki ma'ajin. Laifina ne, don an rubuta haka a bayanin manhajar, ban karanta ba. Amma hoton bai yi mini hannunka mai sanda ba ko kaɗan, nan kam Yaya Sadiq yana da gaskiya.

Sadiq Code: Alhamdu lillahi, yau an ce ina da gaskiya a wannan zaure. A rubuta ranar.

Injiniya Bala: An rubuta. Amma ka sani LabVIEW ba fassara yake yi a lokacin gudu ba. Duk sanda ka taɓa kibiyar gudu, zanen ya riga ya zama harshen inji, kuma tun fitowar 2010 LLVM ne a ƙarƙashinsa, wanda Clang ke amfani da shi wajen juya C ɗinka. Kakanku ɗaya.

Zainab, mu koma kan rabin tambayarki na biyu, raguwar da kika gani da dare. Ruwa ba ya tsami banza. Ina kike tara karatun kafin ki zana shi?

Zainab Lantarki: Ina da Build Array a cikin madaukin. Kowane zagaye yana ƙara sabon karatu a kan jerin, ya zagayo ta shift register, ƙofar da ke miƙa shi ga zagaye na gaba, sai in tura jerin duka zuwa jadawalin allo.

Injiniya Bala: To ga ɓarawon dare. Jerin yana girma ba iyaka. Lokaci zuwa lokaci wurin da aka ware masa a memori yana cika, sai a nemi wuri mafi girma a kwashe komai a mayar can. Da jerin yana da lamba 1,000 ba ki ji ba. Bayan awa biyar ya haura miliyan, kuma kowane zagaye kina cewa a sake zana miliyan ɗin nan a allon da faɗinsa bai wuce ɗigo 2,000 ba. A hoto akwatin nan ɗan mitsitsi ne, girmansa ɗaya da na tara 2 da 2.

Abu uku za ki yi. Ki ware jeri mai tsayayyen girma tun kafin madauki ki riƙa maye gurbi a ciki, ko ki yi amfani da Chart wanda yake riƙe tarihinsa da kansa. Ki buɗe fayil sau ɗaya a waje, ki rufe a waje, ba kowane zagaye ba. Na uku shi ne babba: ki raba aikin gida biyu. Madauki ɗaya ba abin da yake yi sai karatu ya jefa a layin jira, wato Queue. Na biyu yana kwasa daga layin ya adana ya zana a lokacin da ya samu. Idan faifai ya yi nawa na milisakan 50, mai karatu bai ma sani ba.

Baba Audu PLC: Yara, kun yi ta magana ina karantawa. Ni tsohon hannu ne, zanen tsani na sani, wanda muke sa wa PLC, na'urar sarrafa injuna, a masana'anta. Mu tun fil azal an gaya mana agogonmu a fili. Na'urar tana karanta duk abin da ke shigowa, ta bi matakan tsani daga sama zuwa ƙasa, ta fitar da umarni, ta koma farko. Wannan zagaye shi ne numfashinta. Tun Modicon 084 da su Dick Morley suka yi a ƙarshen shekarun 1960 haka abin yake, kuma an zana shi kamar tsani ne don masu gyaran wuta da suka saba da zanen rile, wato makunnan lantarki, su gane ba sai an koya musu sabon harshe ba.

Amma ko da agogo a fili ana faɗawa. Wata masana'anta da na yi wa aiki, ana ƙirga kwalaye a kan bel da idon lantarki. Aka ƙara gudun bel, sai ƙirga ta fara kasawa, kwali 1,000 ya wuce na'ura ta ce wajen 600. Aka canja ido har sau biyu. Da na zo na duba, zagayen shirin milisakan 20 ne saboda an yi ta lafta masa matakai shekara da shekaru, shi kuwa kwali yana tare hasken ido na milisakan 12 kawai. Wani kwalin yana zuwa ya wuce tsakanin kallo da kallo, na'ura ba ta gan shi ba. Muka mayar da wayar kan mashigar ƙirga mai sauri, wadda ke ƙirgawa da kanta ba ta jiran zagaye. Magana ta ƙare.

'Yata Zainab, abin da nake so ki ɗauka: idan lokaci yana da muhimmanci, kada ki bar manhaja ta riƙe agogo. Katin awo da ke kawo karatun cikin kwamfutarki ba shi da agogonsa?

Zainab Lantarki: Yana da shi Baba, na ga wurin da ake zaɓar agogon samfuri amma na bar shi a kan karatu ɗaya duk sanda aka nema.

Injiniya Bala: Baba ya riga ni, da tsohuwar zuma ake magani. Ko kin gyara Wait, Windows ba ta yi miki alkawarin komai ba. Agogonta na asali yana bugawa sau 64 a daƙiƙa, wajen milisakan 15.6, sai dai idan wani shiri ya nemi a matse shi. Kuma ko an matse, tana iya ɗauke firosesa ta ba wa mai binciken ƙwayar cuta a daidai lokacin da kike buƙata. Jimillar awa za ta yi kusa da 360,000, amma tazarar tsakanin karatu za ta riƙa rawa, yau 9 gobe 13. Ki ce wa katin ya ɗauki 100 a daƙiƙa da agogonsa na kiristal ya tara a ma'ajinsa, ke kuma ki zo duk rabin daƙiƙa ki kwashi 50. Ko kin makara kaɗan, an riga an ɗauki karatun a kan lokaci.

Nura Sauti: Wannan dabara ta kwasa da yawa lokaci ɗaya ita ce rayuwarmu a harkar sauti. A Pure Data, wato Pd, manhajar zana shirin sauti, wanda Miller Puckette ya fitar a tsakiyar shekarun 1990 bayan ya yi irinsa mai suna Max a cibiyar IRCAM da ke Faris, wayoyi iri biyu ne kuma ido yana bambance su. Siririya ta saƙo ce, tana aiki sa'ad da wani abu ya faru. Mai kauri ta sauti ce, tana fita daga akwatunan da sunansu ke ƙarewa da wannan alama ~, kuma ba ta tsayawa: samfuri 64 a kowane ƙunshi. A kan 44,100 a daƙiƙa, ƙunshi ɗaya milisakan 1.45 ne. Idan lissafi ya kasa cika ma'ajin katin sauti a kan lokaci, ba wani saƙon kuskure da za ka gani, kunnenka ne zai ji "ƙas" a lasifika a gaban jama'a.

Kan tambayar Sadiq ta wa ke rigan wa, mu ma muna da namu rikicin. A Max, idan waya ɗaya ta rabu biyu, akwatin da ke dama ne ke fara samu. Ka ja akwati da linzami don ka gyara kyan zane, ka canja ma'anar shiri ba ka sani ba. A Pd kuma wayar da ka fara jonawa ce ke fara aiki, abin da ba ya bayyana a hoto sam. Zane biyu iri ɗaya sak, sakamako daban. Shi ya sa duk wanda ya kwana biyu a harkar ba ya raba waya sai ta akwatin trigger, mai fitarwa daga dama zuwa hagu a jere, kowa na gani.

Sadiq Code: Zane biyu iri ɗaya, sakamako daban. Nura ka gama mini aiki.

Dakta Rabi: Sadiq, kafin ka yi murna, a C ma idan ka rubuta f() + g() harshen bai faɗa maka wanda za a fara kira ba. Kowane harshe yana da kusurwar da ya bari a duhu.

Abin da nake so in ƙara shi ne akwai reshen da ya magance wannan da lissafi, ba da dabara ba. A 1987 Edward Lee da David Messerschmitt a Berkeley suka nuna cewa idan kowane akwati ya faɗi tun farko guda nawa yake ci, guda nawa yake fitarwa a kowane motsi, to ana iya tsara jadawalin gudu gaba ɗaya kafin a kunna shiri. Misali akwatin A yana fitar da 2, akwatin B yana cin 3. A ya motsa sau 3, B sau 2, an samar da 6 an cinye 6, an dawo inda aka fara. An san girman ma'ajin da ake buƙata, an san ba zai taɓa cika ya zube ba, kuma ba a buƙatar mai raba aiki a lokacin gudu. Idan lambobin ba su daidaita ba, tun a tebur za a ce maka zanenka ba zai yiwu ba.

A Faransa kuma, a Grenoble, Paul Caspi da Nicolas Halbwachs suka yi harshen Lustre, wanda daga gare shi SCADE ta fito. Injiniya yana zana akwatuna, manhaja ta fitar da C wanda ba ya neman sabon memori a lokacin gudu kuma ba shi da madauki marar iyaka, don haka ana iya lissafa mafi munin lokacin da zai ci. Da shi aka yi babban ɓangare na manhajar sarrafa tashin Airbus A380. Ka hau jirgin da zane ke tuƙawa, Sadiq, kuma C ɗin da ke ciki ba hannun mutum ne ya rubuta ba.

Sadiq Code: Dakta, a ƙarshe dai C aka koma. Ban faɗi ba?

Dakta Rabi: C ɗin ma harshen inji yake komawa, ba wanda ya ce don haka ka daina rubuta shi.

Mubarak Dev: Tambaya a gefe. Na ji an ce irin waɗannan abubuwa, har da yadda ake zana madauki, akwai masu takardar mallakar ƙirƙira a kansu. Da gaske ne mutum ya mallaki zagayen akwati?

Barista Jamila: Da gaske ne, a Amurka. National Instruments ta fitar da LabVIEW a 1986 a kan Macintosh, kuma a 1990 aka ba Jeff Kodosky da abokan aikinsa takarda mai lamba 4,901,221 a kan tsarin. Wasu sun biyo baya. Ba ado aka yi da su ba: kamfanin ya kai kamfanin MathWorks kotu a kan manhajarsa ta zane, Simulink, kuma a 2003 masu taya alƙali hukunci a garin Marshall na jihar Texas suka ce an keta, aka yanke diyyar dala miliyan 3.5. Waɗancan takardun farko wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. A dokar yanzu shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata.

Dakta Rabi: Ni abin da ke damuna da wannan shi ne, Bert Sutherland ya riga ya jona akwatuna da alƙalamin haske a kan kwamfutar TX-2 tun 1966, Jack Dennis da Gilles Kahn sun shimfiɗa ka'idar kwararar bayanai a 1974. Jami'o'i suka share gona, wani ya zo ya kafa shinge.

Injiniya Bala: Dakta, a nan zan saɓa miki kaɗan. Kwararar bayanai zalla ba ta da wurin madauki mai tsabta, sai dai ka mayar da waya baya ta zama tsumma. Abin da Kodosky ya kawo shi ne ya sa madauki ya zama firam da ke kewaye akwatuna, da ƙofofi a gefe masu miƙa ƙimar wannan zagaye ga na gaba. Shift register ɗin da Zainab ta ambata ke nan. Kafin shi ba wanda ya sa wannan a hannun mai aikin awo. Daga baya a 2004 suka ƙara Timed Loop, madaukin da kake rubuta masa tazara da fifiko a jikinsa, har yana da wayar da ke gaya maka ko zagayen baya ya makara. A kan FPGA kuma, guntun lantarki da ake tsara wa haɗin cikinsa, akwai madaukin da dole duk abin da ke cikinsa ya gama a bugun agogo ɗaya, nanosakan 25 a kan megahaz 40, in ba zai iya ba a ƙi haɗa shirin. Wannan aiki ne na gaske. Ko ya cancanci a hana wasu yin irinsa na shekaru, wannan kuma wata magana ce.

Barista Jamila: Kotun Ƙolin Amurka ma ta matse ƙofar a 2014 a shari'ar Alice da CLS Bank. Ɗaukar tunani tsagwaro a ce "a yi shi da kwamfuta" bai isa a ba ka takarda ba. Amma dabarar da ke inganta aikin kwamfutar kanta, irin su tsara lokacin gudu, har yanzu tana iya wucewa, shi ya sa ba a daina shigar da su ba.

Zainab Lantarki: Na dawo. Na mayar da agogo kan kati, na raba madauki biyu da Queue, na cire Build Array. Awa ɗaya: 360,000 daidai, ba ƙari ba ragi. Na bar shi awa bakwai, ta bakwai ma haka. Baba, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Yaya Sadiq, ban rubuta C ko layi ɗaya ba.

Saura abu ɗaya. Na sa a nuna mini yawan abin da ke cikin layin jira, yawanci 0 ne ko 1, amma duk sanda na ja tagar shirin da linzami sai ya haura 8 ko 9 kafin ya sauko. In damu?

Sadiq Code: Da C ne da...

Baba Audu PLC: Sadiq, bar yarinya ta ji da aikinta.

Injiniya Bala: Amin. Tunda yana saukowa, mai kwasa ya fi mai zubawa sauri, ba matsala. Jan taga yana riƙe zaren allo ne, jadawalinki kuma a kansa yake jira. Abin tsoro shi ne ya riƙa hawa ba ya dawowa. Ki sa wa layin iyaka, kamar 200, ki jona fitila da za ta kama idan ya wuce rabi. In kina so ya daina ko wannan tsallen, fitar da jadawalin zuwa madauki na uku ki riƙa sabunta shi sau 5 a daƙiƙa, fayil ya zauna shi kaɗai a na biyu. Ki turo hoton zanen idan kin gama, ina so in ga inda kika sa wayar kuskure, don ina zargin idan kati ya tsinke madaukin adanawa ba zai san an tsaya ba.

Zainab Lantarki: Kai, ban jona ta ba ma sam. Bari in gyara kafin in turo.